Minti Goma Sha Ɗaya

Asabar a Bradford, filin bayan makaranta.
Ƙasa ba ta gama shanye ruwan jiya ba.
Na taso daga tuƙin bas na dare,
usur a wuya, littafi a aljihun kwat.

A littafin akwai sunan yara goma sha uku,
gaban kowane suna, mintocin da ya taka ciyawa.
Mun yi alkawari tun farkon kaka: kowa rabin wasa.
Alkawari mai daɗin faɗa ran Litinin.

Ɗaya da ɗaya muke. Saura minti goma sha ɗaya.
Mateusz na zaune kan akwatin ruwa,
safarsa fara ƙal kamar yanzu aka sayo,
ya ɗaure igiyar takalmi sau uku, ya kwance sau uku.
Kakansa na tsaye bakin waya da fulas ɗin shayi.
Bai jin Turanci sosai,
amma agogo ba ya buƙatar tafinta.

Yaron nan in ƙwallo ta nufo shi, runtse ido yake.
Na sani. Iyaye sun sani.
Uban Declan ya tare ni tun wajen ajiye motoci:
yau dai a bar masu ƙafa su yi aikinsu.

Babban masu ƙafa kuwa ɗana ne,
Sagir, da na koya wa ƙwallo a lungun kicin
da ƙudundunen safa, har muka fasa tangaran na uwarsa.
Shi ya ci mana ɗayan.
Bai zauna ba tun da aka busa.

Sai na tuna Tudun Wada, filin da babu ciyawa,
inda mai ƙwallo shi ke zaɓe.
Ni ake ce wa: tsaya bayan gola,
in ta fita ka ɗauko mana.
Shekara biyu ina tsamo ta daga kwata.
Har yau ban san ko na iya ba.

Na ɗaga hannu. Alƙalin wasa ya waiwayo.
Na kira sunan da na raɗa da bakina,
ya fito da ɗaci kamar na tauna maɗaci.
Sagir ya dube ni, kallon da ake yi wa baƙon
da ya faɗo gida babu sallama.
Na miƙa masa rigar sanyi. Ya wuce ta.

Mateusz ya shiga da gudu, ya nufi gefen da ba nasa ba.
Sau biyu ya taɓa ƙwallo.
Ta farko ta buge shi a gwiwa ta fice.
Ta biyu ya tura, ido buɗe,
taku huɗu, ga ƙafar ɗan'uwansa.
Tsohon ya ajiye fulas a laka, ya tafa shi kaɗai.

An ci mu saura minti biyu.
Ba ta gefensa aka bi ba,
amma wa zai tuna?

An ce ciki da gaskiya wuƙa ba ta huda shi.
Wanda ya faɗa bai taɓa tuƙa ɗansa gida
bayan ya cire shi daga fili ba.
Shiru a mota, sai abin share gilashi
yana ta girgiza kai.

"Da ka bar ni da mun ci."
Na ce, wataƙila.

A danja ta uku, bai ko juyo ba, ya ce,
"Minti nawa ka ba shi?"
Goma sha ɗaya.
"Ai rabin wasa ka ce."

Da dare, bayan na wanke riguna goma sha uku,
na buɗe littafin a kan teburin guga.
Gaban sunan yaron na rubuta abin da ya samu.
Ƙarƙashinsa, da ƙananan baƙaƙe:
yana bina sha huɗu.